Kada ka yi gaggawar sayen Acropora

Malam, ka tambaya ko za ka iya sayen murjanin Acropora da ka gani a hoto, alhali tankinka na ruwan gishiri bai wuce sati uku ba. Don Allah ka dakata tukuna.

Murjani halitta ce mai rai, ba dutsen ado ba. A cikin namansa akwai ƙananan tsirrai da suke ciyar da shi idan haske ya isa. Idan yanayin ruwa ya canza sosai, sai murjanin ya kore su, ya yi fari fat. Na taɓa rasa wani reshe shuɗi, cikin kwana biyu naman ya saɓule, ƙashi kawai ya rage. Har yau abin yana min ciwo, domin ban bincika ba na saya.

Acropora ba ya jure canji. Yana son zafin ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27, gishiri kusan giram 35 a kowace lita, ruwa mai motsi sosai da haske mai ƙarfi. Sabon tanki bai daidaita ba. Fara da masu laushi irin Discosoma.

Ka tambayi mai sayarwa sunansa na kimiyya, da kuma ko a tanki aka raine shi ko daga teku aka ɓalle shi. Murjani mai ƙashi irin Acropora yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, sai da takardar izini yake ƙetare iyaka.

Idan kuma za ka sayi Palythoa, wani nau'in mai laushi, a cikinsu akwai masu guba mai tsanani. Sa safar hannu da tabarau, kada kuma ka tafasa dutsen da yake manne a kai.