Wa ke raba wa ƙudan zuma aiki a cikin amya?

Malam ka tambaya ko sarauniya ce ke ce wa wannan ta yi raino waccan ta fita neman ruwan fure. A'a wallahi, ba ita ke ba su umarni ba, ita dai ƙwai take zubawa. Abin a jikin ma'aikatan yake, kuma duk mata ne.

Ƙaramar ma'aikaciya sati biyu zuwa uku na farko tana ciki, shara, ciyar da tsutsotsi (jariran ƙudan zuma kenan), gina saƙa. A lokacin nan, jininta cike yake da wani furotin, bitelojenin, shi kuma homon (sinadarin da ke kai saƙo a jiki) ɗin da masana ke kira JH yana ƙasa. Su biyun nan ba sa ga maciji, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, to da JH ya fara hauhawa sai gilan (gaɓar da ke fitar da sinadari a jiki) ɗin da ke cikin kanta mai yin abincin jarirai ya motse, sai ka ganta a bakin amya ta fara fita kiwo. Gene Robinson na Jami'ar Illinois a Amurka ya shafa wa ƙanana sinadari mai kama da JH, suka fita tun lokacinsu bai yi ba. Amma fa ko an cire gilan ɗin da ke samar da JH suna fita, sai dai a makare, kenan JH saurin abin kawai yake ƙarawa.

Abin da ya fi burge ni, in masu kiwo suka mutu da yawa, 'yan sati ɗaya ma sai su maye gurbinsu. In kuma masu raino aka rasa, tsofaffi su dawo ciki, JH ɗinsu ya sauka, su ci gaba da raino.