Na'urar CPAP a ɗakin jirgin ruwa: soket ɗaya, kuma nesa da gado

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina fama da ɗaukewar numfashi cikin barci, da na'urar CPAP nake kwana. 'Ya'yana sun biya mana yawon mako guda ni da uwargida a jirgin ruwa, daga Barcelona. An ce mini soket ɗaya ko biyu ne a ɗakin, can wajen madubi. In tafi da ekstenshan ɗina na gida, ko in haƙura da na'urar na kwana bakwai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaran albarka. Batun barin na'urar kam a ajiye shi gefe. CPAP ba ta warkar da ciwon, iska take turawa ta riƙe maƙogwaro a buɗe, daren da aka kwana babu ita kuwa minshari da sarƙewar numfashi suke dawowa.

Ƙarfin wuta ba zai ba ka matsala ba. Juya cajar na'urar ka karanta bayanta: yawancin na zamani an rubuta 100 zuwa 240 V, wato suna cin wutar 110 irin ta Amurka da 220 irin ta Turai, waɗanda su ne aka fi samu a ɗakunan jiragen nan. Wutar ma kaɗan take ja, misali cajar CPAP samfurin AirSense 10 ta kamfanin ResMed wat 90 ce. Bakin fulogi ne zai bambanta. Namu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, don haka ka sayi adafta biyu, ɗaya mai bakin Turai, ɗaya mai bakin Amurka. Taransfoma ba ta da amfani a nan. Soket ɗin banɗaki kuma na injin aski ne, kada a jona na'urar a can.

Ekstenshan ɗinka ne abin dubawa. Mun saba sayen mai kariya daga hauhawar wuta, saboda halin wutarmu, a gida kuma dabara ce. A jirgin ruwa haɗari ne. Wayarin gida yana da waya ɗaya mai wuta, ɗaya marar wuta da aka haɗa da ƙasa, kuma a kan wannan tsarin aka ƙera kariyar. A jirgi duka wayoyin biyu suna ɗauke da wuta. Idan matsala ta taso, makunnin ekstenshan ɗin waya ɗaya zai yanke, ɗayar ta ci gaba da kawo wuta, abin ya yi zafi har ya kama. Hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan tun 2013. Shi ya sa ake ƙwace shi wajen binciken kaya, sai ranar sauka a mayar maka. Wasu kamfanonin sun yarda da marar kariya, wasu kamar Royal Caribbean sun hana ekstenshan na fasinja gaba ɗaya.

Mafita ita ce ka nemi na jirgin. Kamfanonin suna da sashen kula da masu lalura. A rubuta musu aƙalla wata guda kafin tafiya, a ce kana amfani da CPAP, kana buƙatar doguwar waya da tataccen ruwa (distilled water) na mazubin tururin na'urar. Ranar shiga ka tuna wa mai gyaran ɗaki tun da rana, ka roƙe shi ya manne wayar a ƙasa da salatif, kada Hajiya ta harɗe da ita cikin duhu. Da dare soket ɗin na CPAP ne, cajin waya a yi shi da rana. A wasu jiragen kuma katin ƙofa ke kunna wutar ɗaki, to kada a zare shi daga raminsa kana barci.

Ruwan tururin na'urar: wasu kamfanonin kyauta suke ba da tatacce, wasu sayarwa. In bai samu ba, ruwan gora zai yi na 'yan kwanaki, a riƙa wanke mazubin kullum. Ruwan batir na bakanike dai ko kusa. Idan teku ta yi tambal-tambal, ka rage ruwan, ka sauke na'urar ƙasa da tsayin kanka, don kada ya kwararo cikin tiyo ko ya shiga injin.

Batirin ko-ta-kwana ba dole ba ne, amma in kana da shi ka tafi da shi. A jirgin sama a jakar hannu ake ɗaukarsa. Har zuwa 100 Wh (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa) babu neman izini, daga nan zuwa 160 sai kamfanin jirgin ya amince. In da batirin za ka kunna na'urar da dare, kashe ɗumama ruwa da ɗumama tiyo, su ne masu shanye caji.

Na'urar, takunkumi, tiyo, caja da takardar likita duk su kasance a hannunka ranar shiga. Manyan akwatuna kan kai yamma, wani lokaci har dare, kafin a kawo su ƙofar ɗaki.