Lita 40 ta ƙare a GLK 350 cikin Kano: lalacewa ce ko halin motar ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zaune a Rijiyar Zaki. Wata uku da suka wuce na sayar da motata Corolla, na sayi Mercedes-Benz GLK 350 ƙirar 2011, mai 4MATIC, wadda aka shigo da ita daga Amurka. Dillalin ya ce mini ba ta da shan mai. Na cika tanki, da mitar tafiya ta nuna 140 sai na koma gidan mai, kuma sai da ta sha lita 40 kafin ta sake cika. A lissafina, kilomita uku da rabi ke nan a lita ɗaya. Bakanikena ya ce a cire abin da suke kira indomi a cikin salansa, a kuma canja nozul. Shin motar ba ta da lafiya ne, ko kuwa haka jininta yake?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Kafin ka bar kowa ya taɓa salansar nan, ina so ka sake duba mitar tafiyar, domin ina kyautata zaton a nan kuskuren yake. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da mil suke ƙirga tafiya, ba da kilomita ba, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Idan 140 ɗin da ka gani mil ne, to abin da ka yi kilomita 225 ne, wanda idan ka raba shi da lita 40 zai ba ka kilomita 5.6 a kowace lita. Ka duba gefen lambar, za ka ga ƙananan haruffan da ke nuna mil ko kilomita, kuma ana iya juya ma'aunin daga madannan da ke jikin sitiyari.

To, kilomita 5.6 ɗin fa, ya yi? Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ke fitar da alƙaluman shan man motoci a can, ta ba GLK 350 mai 4MATIC ta waɗannan shekarun mil 16 a galan ɗaya cikin gari da mil 21 a babbar hanya. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, saboda haka a ma'auninmu abin ya zama kusan kilomita 6.8 a lita cikin gari da 8.9 a doguwar tafiya. Wannan kuma sakamakon gwajin sabuwar mota ce a ɗakin gwaji, tayoyinta suna juyawa a kan na'ura. Taka motar ta haura shekara goma, tana bin Kabuga da cikin gari zuwa Kwari safe da yamma. Idan ta ba ka 5.6 a wannan hanyar, a ganina tana cikin hankalinta, dillalin ne ya yi maka daɗin baki.

Abin da ya sa abin ya yi maka nauyi shi ne daga Corolla ka fito. Corolla mai inji 1.8 silinda huɗu gare ta, kuma nauyinta bai wuce kilo 1,300 ba. GLK kuwa, duk da ana lissafa ta cikin ƙananan jif na alfarma, injinta V6 ne, wato mai silinda shida, mai lita 3.5 da ƙarfin doki 268, nauyinta ya haura kilo 1,800, sannan 4MATIC na nufin duka tayoyi huɗu ne ke ja a kowane lokaci. Mutane da yawa suna ganin gajartar jikinta sai su ɗauka cikinta ma ƙarami ne. Duk lokacin da adaidaita sahu ya yanko gabanka ka taka birki, man da ka ƙona wajen tayar da wannan nauyin ya tafi a banza, sai ka sake ƙona wani ka tashe ta. A tsakanin Kofar Wambai da Kwari, sau nawa ake yin haka kafin a isa?

Sai kuma tsayuwa da inji a kunne, wadda ita ce ta fi cin man masu irin wannan mota a Kano ba tare da sun lura ba. Injin da ya kai wannan girman yana ƙona fiye da lita ɗaya a awa yana sulo, idan kuma AC tana aiki abin ya ƙaru. Mita ba ta ƙirga komai a wannan lokacin, amma tanki yana sauka. Minti ashirin ana jiran yara a ƙofar makaranta, minti talatin uwargida tana cefane, ga cunkoson yamma, idan ka tara na mako guda za ka ga inda litoci da dama suka shige. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, kwamfiresar AC kusan ba ta hutawa, musamman idan motar ta wuni a rana. Ban ce ka kashe AC ba, domin ba don ka sha zafi ka sayi motar ba. Amma idan ka same ta ta ɗau zafi, ka sauke gilasai na minti biyu ko uku kana tafiya, zafin ya fita, sannan ka kunna.

Akwai batun man shi kansa. Mercedes-Benz ta tsara wannan injin ne don fetur mai okten 95 a ma'aunin Turai (okten lamba ce da ke nuna ingancin fetur wajen hana inji ƙwanƙwasa), alhali gidajen manmu nau'i ɗaya suke sayarwa, kuma ƙa'idarsa ba ta kai haka ba. Kwamfutar motar takan gane, ta ja wutar filogi baya don kada injin ya yi ƙwanƙwasa, abin da ke rage ƙarfi kaɗan ya kuma ƙara sha. Wannan ba abin da za ka iya gyarawa ba ne, sai dai ka tsaya a gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da man su da litarsu, ka kuma guji na bumburutu.

Game da shawarar bakanikenka, ban goyi bayan cire indomi ba, kuma zan faɗi dalili. Aikinsa tace hayaƙi ne, kuma akwai na'urori gaba da bayansa da ke sanar da kwamfuta yanayin hayaƙin, ita kuma ta daidaita man da nozul ke fesawa. Indomin da bai toshe ba ba ya jawo shan mai. Idan aka fasa shi, fitilar gargaɗin inji za ta kama ta zauna, daga nan ko wata matsalar ta taso ba za ka gane ba, ga warin hayaƙi, ga faɗuwar darajar motar ranar da za ka sayar. Ka kuma sani cewa abin da ke cikinsa yana da kuɗi, akwai masu saye, shi ya sa wasu ke saurin ba da wannan shawarar. Nozul ma ba a canja shi da ka, sai an gwada an ga yana ɗiga ko ya toshe.

Abin da ya fi dacewa shi ne a sa wa motar kwamfuta wurin wanda ya san Mercedes, a duba ko tana ƙara mai fiye da ƙima da kuma dalili. A Kano, matatar iska ita ce farkon abin dubawa, domin ƙurar hunturu takan cika ta tun kafin lokacin da littafin motar ya ƙayyade, kuma ƙurar da ta tsallake takan ɓata na'urar auna iskar da ke shiga inji. A duba filogi shida. A tabbatar tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, yana nan kuma yana aiki, saboda al'adar cire shi da haɗa fanka kai-tsaye tana hana inji kai zafin da aka tsara masa, kwamfuta kuma ta ci gaba da ba shi mai da yawa kamar yanzu aka tashe shi da asuba. Iskar taya kuma ka bi lambar da ke rubuce a cikin murfin tanki, kada ka bar wa mai faci ya yi da ido.

Gwajin da zai raba gardama shi ne doguwar tafiya. Ranar da za ka je Kaduna, wadda tafiyar kusan kilomita 230 ce, ka cika tanki a Naibawa har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da mita sifiri, ka riƙe gudu tsakanin 100 da 110, ka sake cikawa idan ka isa. Lafiyayyar GLK bai kamata ta sha fiye da lita 26 zuwa 29 ba. Idan ka taka 140 kuwa lissafin ya rushe, domin turjiyar iska a wannan gudun ta kusa ninka ta 100, ga motar mai faffaɗan goshi. Idan ta ci wannan gwajin, injinka ƙalau yake. Idan kuma ka riƙe gudun amma ta sha lita 35 ko fiye, ko ka tarar mitar taka da ma a kilomita take, wato uku da rabin gaskiya ne, to lallai akwai matsala, kada ka jinkirta kai ta wurin gwaji.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, na san lita 40 ba ƙaramin kuɗi ba ce ga kowa. Idan zirga-zirgarka duk ta cikin gari ce kuma lissafin ya ƙi fita, GLC 300 da ta gaji GLK daga 2016, ko Lexus NX 200t, masu inji 2.0 da tobo, an auna su a wajen kilomita 9 a lita cikin gari, sai dai kuɗin sayensu ya fi, kuma suna buƙatar baƙin mai na asali a kan lokaci. Kafin ka kai ga tunanin canji, ka cika tanki sau uku a jere kana rubuta lita da kilomita a takarda, ka aiko mini da abin da ka samu.