Amsoshin wasiƙunku: walƙiya a ido, ɗige-ɗige, da maganin ɗigawa

Wata baiwar Allah mai shekara 29 ta ce kusan duk wata sai ta ga wani layi kamar haƙoran zarto yana ƙyalƙyali a gefen ganinta, ya yi ta faɗi har kamar minti 20, ya ɓace, sannan ɓarin kanta ya ɗauki sara. Tsoron makanta ya hana ta barci, tana tambayar wane tabarau za ta saya.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ki mayar da kuɗinki jaka. Abin da kika siffanta ya yi kama da share fagen ciwon kai na ɓari ɗaya. Daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, don haka babu abin da tabarau zai yi masa. In ya sake zuwa, ki rufe ido ɗaya da tafin hannu, sannan ki rufe ɗayan. Muddin layin na nan ta kowanne, to alama ce shi ne, kuma yakan wuce tsakanin minti 5 zuwa 60. Duk da haka ki ga likita, musamman in kina shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrojin, domin haɗuwarsu na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. In kuma kina da cikin da ya haura mako 20, ki je a auna hawan jininki a ranar.

Wani dattijo mai shekara 61 yana ganin baƙaƙen ɗige-ɗige kamar ƙudaje suna shawagi in ya dubi farin bango. Ya ga tallar wasu ƙwayoyi a Facebook wai suna wanke ido.

Baba, Allah ya ƙara girma, kada a saya. Ruwa mai kauri da ke cikin ƙwayar ido ne yake tsinkewa da shekaru, inuwar ɓurɓushinsa kake gani, kuma ba ƙwayar da ke share shi. Abin da nake so a riƙe shi ne: ranar da suka ƙaru farat ɗaya, ko aka ga walƙiya a gefe, ko wata inuwa kamar labule tana saukowa, a nemi likitan ido kafin awa 24. Tantanin bayan ido ne ke iya yagewa ya ɓalle, kuma ba ya ciwo.

Yanzu ga wadda ta ɓata min rai. Wani matashi ya ce idonsa na ja da ƙaiƙayi, wata 8 ke nan yana sayen wani maganin ɗigawa da abokinsa ya nuna masa. Kwanan nan yana ganin da'ira kamar bakan gizo kewaye da fitila. Tambayarsa, wai wane kamfani ne nasa ya fi araha.

Malam, araha kake nema? Ɗauko kwalbar, juya ta, karanta ƙananan rubutun nan. In ka ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, to sitiroyid, wato magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi, kake zuba wa idonka wata 8 ba tare da kowa ya auna ka ba. Maganin na da daɗin aiki, ja ya tafi, ƙaiƙayi ya kwanta, nan ne tarkon yake. A wasu mutane cikin 'yan makonni yake ɗaga matsin ruwan ido sama da ƙa'idarsa ta 10 zuwa 21, jijiyar gani ta riƙa mutuwa daga gefe-gefe shiru, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Yana kawo yanar ido tun mutum na saurayi. In akwai gyambo a baƙin ido, sai ya ƙara hura shi. Mutum zai yi kwana uku yana bincike kafin ya sayi waya, amma abin da zai ɗiga a ido sai ya karɓa daga bakin aboki! Kwalba ma in an buɗe ta, galibi kwana 28 ne wa'adinta, balle a yi maganar jabun da ba a san me aka ɗura ciki ba. Ka tafi da kwalbar wurin likitan ido cikin makon nan, a auna matsin, shi zai gaya maka yadda za ka daina. In bakan gizon ya zo da tsananin ciwo da amai, wannan na daren ne, ba a jiran safiya.

Mai tambaya kan tabarau mai tare shuɗin hasken kwamfuta: babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa yana rage gajiyar ido. Duk minti 20 ka dubi nesa na daƙiƙa 20, ka riƙa ƙiftawa.

Hajiya mai ciwon sukari da ganinta ke yin dishi-dishi yau, gobe ya washe, ki daidaita sukarin tukuna, in ba haka ba tabarau ɗin da aka auna yau gobe ba naki ba ne. A kuma riƙa duba bayan idonki duk shekara.

Shi kuwa wanda idonsa na hagu ya yi duhu ɗif na minti 3 har sau biyu, ya ce tunda ya dawo ba komai: akwai komai. Gudan jini ne kan toshe hanya na ɗan lokaci, gargaɗin shanyewar ɓarin jiki. Ka je asibiti yau, sashen gaggawa, kuma kada ka tuƙa kanka.