Hukuncin Tura Zakka Daga Legas Zuwa Inda Bala'i Ya Afku

Tambaya: Malam, mu 'yan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Lokacin girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023, da ambaliyar Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, mun haɗa kuɗi, har da zakkar wasunmu, muka bai wa wata ƙungiyar agaji ta waje. Sai muka ji da su ake gyara makarantu da asibiti. Zakkarmu ta fita?

Amsa: Allah Ya saka muku da alheri. Tura taimako nesa ba sabon abu ba ne. A shekarar fari ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya rubuta wa Amru ɗan As, aka yo ayarin abinci zuwa Madina. Hadisin Ƙabisa a Sahihu Muslim kuma ya halatta roƙo ga wanda bala'i ya cinye dukiyarsa har ya samu abin tsayawa da ƙafarsa. Don haka attajirin jiya da ruwa ya tafi da shagonsa, yau ya cancanci zakka.

A mazhabar Malikiyya ana raba zakka inda ta wajaba, ko wurin da bai kai nisan ƙasaru ba, wato mil 48. Idan na nesa sun fi tsananin buƙata, sai a tura musu mafi yawa, a bar wani abu ga na gida. Ai mabuƙatan Agege da Idi-Araba ba su ƙare ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ginin. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa nau'in mutane 8 masu karɓar zakka, kuma zakka mallaka ake yi wa mutum, ta zama tasa. Makaranta, asibiti, gada, har masallaci, ba mallakin wani matalauci ba ne, saboda haka a wurin jumhurun malamai ba a gina su da zakka. Wanda ya tabbata tasa can ta tafi, yana da ladan sadaka, amma ya sake fitarwa. Wanda bai sani ba ya tambayi ƙungiyar a rubuce. In ta kasa nuna cewa ta shiga hannun matalauta Musulmi, sakewa ce mafita.

Nan gaba ku buɗe asusu biyu. Na sadaka ku ba duk ƙungiyar da kuka aminta da ita, ko ta waɗanda ba Musulmi ba ce, ta yi gini, ta ciyar da kowa ba tambayar addini. Na zakka ku damƙa wa wakili amintacce a can, mai rubuta sunan wanda ya karɓa da adadin. A ba magidanci kuɗinsa a hannu, shi zai san ko kwano zai saya ko siminti. In ana tsoron kuɗin su salwanta, ya wakilta ku da bakinsa ku saya masa.

Ku kula da abin da ke zubewa a hanya. Mai miliyan 20 zakkarsa dubu 500 ce, ɗaya cikin 40. In banki ko mai canji ya cire dubu 10, ko ƙungiya ta ɗebi kuɗin gudanarwa, sai ya cika daga aljihunsa. Wanda shekararsa ba ta cika ba, Malikiyya sun yarda ya gaggauta da kamar wata 1.

Wallahu a'alam.