Ina son ɗan aiki bayan lacca, amma shiga cikin mutane na firgita ni

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu a jami'a, ina son in samu ɗan aikin da zan riƙa yi bayan lacca don in rage wa iyayena nauyi. Matsalata ita ce, da zarar zan yi magana da wanda ban saba da shi ba, sai gabana ya yi ta faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe, muryata ta kama rawa. Sau biyu aka kira ni ganawar ɗaukar aiki na kasa zuwa. Ko waya ba na iya ɗagawa idan baƙuwar lamba ce. Akwai aikin da zan yi ba tare da haɗuwa da mutane ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba a tantance ciwo ta wasiƙa, amma abin da kika zayyana ya yi kama da larurar da muke kira fargabar mu'amala da jama'a. Ta wuce kunya. Mai kunya yakan ɗan noƙe, can kuma ya sake ya shiga harkarsa. Mai wannan larura kuwa yana tsoron a gane yana rawar jiki a raina shi, har tsoron ya raba shi da abin da yake so, kamar yadda ya raba ki da ganawa biyu. Yawanci tana farawa ne a farkon shekarun balaga, wajen shekara 13. Faɗuwar gaba da gumin aikin sinadarin adirenalin ne, wanda jiki ke saki idan ya zaci akwai haɗari. Ba raunin hali ba ne, kuma tana jin magani.

Aikin da babu haɗuwa da mutane akwai shi: shigar da bayanai a kwamfuta, buga rubutu da gyara shi, fassara, jera kaya a sito. Sai dai ba shi zan zaɓa miki ba. Ki tuna ranar da kika fasa zuwa ganawar farko. Da kika yanke shawarar zama a ɗaki, nan take kika ji sanyi a ranki, ko ba haka ba? Wannan sanyin shi ke ciyar da larurar. Ƙwaƙwalwa takan ɗauka cewa gudun ne ya cece ki, saboda haka ganawa ta biyu ta fi ta farko ban tsoro. Idan kika shekara biyu a aikin da babu gaisuwa da kowa, za ki samu kuɗi, amma ranar da kika gama karatu za ki tarar da tsoron yana nan, ya ma ƙara ƙiba.

Abin da nake so ki nema shi ne aikin da ke da mu'amala kaɗan, wadda kin san yadda take tafiya tun kafin a fara. Taimakawa a laburare, inda tambayoyin ba sa wuce ina littafi kaza yake, yaushe zan dawo da shi. Koyar da yaro ɗaya ko biyu darasin da kika ƙware a kai. Taimaka wa malami a ɗakin gwaji ko wajen tattara bayanan bincike. Karɓar kuɗi a wurin da babu cunkoso. Da yawa daga masu wannan larura sukan yi mamakin yadda magana a bakin aiki ta fi hira sauƙi. A hira ba ki san inda zance zai dosa ba, a bakin aiki kuwa jimloli biyar ko shida ne kike maimaitawa, kuma hankalin mai zuwa yana kan buƙatarsa. Amsa wayar masu ƙorafi, ko tallan da ake ƙayyade wa mutum adadin da zai sayar, ki bar su sai gaba.

Kafin ki tura takarda ko'ina, ki rubuta abubuwa goma da ke ba ki tsoro, ki ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. Ki fara da masu maki 3 ko 4: tambayar baƙo hanya, kiran wani ofis a waya ki tambayi lokacin da suke buɗewa, yin tambaya ɗaya a aji. Ki maimaita abu guda kullum har makinsa ya sauka, sannan ki hau na gaba. Kada ki jira tsoro ya tafi kafin ki fara, domin yin abin ne ke rage shi.

A 1995 masana biyu, David Clark da Adrian Wells, sun bayyana cewa mai wannan larura idan ya shiga mutane yakan juya hankalinsa kan kansa, yana sauraron bugun zuciyarsa, yana zaton abin da yake ji a ciki shi kowa ke gani a waje. A 2000 kuma Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa sun sa ɗalibai sanya riga mai hoton da suke jin kunyar a gan su da shi, suka shiga ɗaki mai mutane. Ɗaliban sun zaci kusan rabin mutanen za su lura da hoton, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne suka lura. Ina kawo wannan ne don ranar ganawa: mutane ba sa lura da ke kamar yadda kike zato. Idan kika ji muryarki na rawa, ki mayar da hankali kan fuskar mai tambayar da ainihin abin da ya tambaya.

Ki je ki ga wurin kwana ɗaya kafin ranar. Ki shirya abu uku: dalilin da ya sa kike son aikin, abin da kika iya, da sa'o'in da kike da su. Kada ki haddace jimloli, don kalma ɗaya na kuɓucewa sauran za su bi ta. Ki gwada da ƙawarki da babbar murya sau biyu ko uku. Kina jiran a kira ki, ki ja numfashi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Idan kin kakare, babu laifi ki ce, "Ina ɗan fargaba, a ba ni daƙiƙa in tattara tunanina." Masu ɗaukar ɗalibai aiki sun saba ganin haka, kuma sun fi damuwa da ko za ki zo a kan lokaci. Faɗa musu kina da larura kuwa zaɓinki ne. Bayan kin fito, zuciya za ta so ta yi ta bitar kowace kalma har dare. Ki rubuta abu ɗaya da ya yi kyau da ɗaya da za ki gyara, ki rufe takardar.

Ki fara da sa'o'i kaɗan a mako, don makonnin farko suna da gajiyarwa kuma karatu ne a gaba. Idan ta intanet kike nema, duk wanda ya ce ki biya kuɗi kafin ya ba ki aiki, ki rabu da shi.

Tun da abin ya kai ga hana ki ɗaga waya, ina roƙonki ki ga masanin halayyar ɗan Adam ko likitan ƙwaƙwalwa. Jami'o'i da yawa suna da sashen ba da shawara ga ɗalibai, ki fara daga nan. Maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa shi ne zaman gyaran tunani da ɗabi'a da ake kira CBT, wanda ake yi mako-mako na wasu watanni. Akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa idan ya ga buƙata, suna ɗaukar makonni kafin su fara aiki. Kada ki sha wata ƙwayar kwantar da hankali da wani ya miƙo miki don ki iya shiga ganawa, wasunsu suna kama mutum ya kasa rabuwa da su.

Wurare biyun nan da suka kira ki sun karanta takardarki sun ga kin cancanta. Ki tura wa ɗaya daga cikinsu gajeren saƙo a wannan makon, ki ba da haƙurin rashin zuwanki, ki tambaya ko har yanzu akwai gurbi. Allah ya sauƙaƙa miki.