Tambayi Likita: Ɗa'uni da 'yan uwansa a jikin mutum da dabba

Likita, a Islamiyya an karanta mana labarin ɗa'unin Amwas da ya yi ajalin Sayyidina Abu Ubaida. Cutar nan tana nan har yau, ko ta tafi da zamaninta? (Ɗalibi daga Katsina)

Tana nan, ɗana. Sunan ƙwayar da ke kawo ta Yersinia pestis, an raɗa mata sunan likita Alexandre Yersin da ya gano ta a Hong Kong a 1894. A jikin ɓeraye da danginsu take zama, ƙuma ce ke kwaso ta ta cusa wa mutum in ta cije shi. Cikin kwana ɗaya zuwa bakwai sai zazzaɓi ya rufe shi, kaluluwa mai tsananin zafi ta fito a matsematsi ko hammata ko wuya. In ta shiga huhu kuwa, tari kaɗai ya isa ya kai ta ga na kusa.

Wannan na huhun ne ya addabi Madagaska a 2017, sama da mutum 2,000 suka kamu, fiye da 200 suka rasu. Lardin Ituri na Kwango ma bai rabu da ita ba, haka Peru da yammacin Amurka. Mu ma a Afirka ta Yamma ta taɓa ziyartarmu: Akara, babban birnin Gana, a 1908, Legas daga 1924. Abin da ya sauya shi ne magani. Gentamicin, doxycycline da ciprofloxacin suna kashe ta, muddin an fara da wuri. Na huhu ba ya jira, in aka wuce awa 24 ba a fara magani ba, tsira ta yi wuya.

Ɓeraye sun cika mana gida. Shin ɗa'uni da zazzaɓin Lassa abu ɗaya ne? (Magidanci daga Bauchi)

A'a, Malam. Lassa ƙwayar bairos ce, ta fitsari da kashin ɓera take shiga abinci, kuma magungunan da na ambata ba sa taɓa ta. A Bauchi ita ce abin tsoronka. Ka rufe hatsi da abinci, ka toshe ramuka, kada yara su taɓa mushen ɓera da hannu.

Ni mahauci ne, muna yanka raƙuma. Wasu na cin hantar ɗanya, suna cewa tana ƙara jini. Akwai illa? (Daga Agadas)

Akwai, kuma wannan tambayar ta fi sauran tayar mini da hankali. Raƙumi yana kamuwa da ɗa'uni. A 1994, a garin Ƙurayyat na Saudiyya, mutanen da suka ci ɗanyar hantar wani raƙumi marar lafiya sun kamu, wasunsu sun rasu, kuma bincike ya gano ƙwayar a ƙashin raƙumin da ɓerayen daji da ke kusa da garkensa. Ga wanda ya ci, cutar kan fara da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, shi ya sa ake ɗaukarta wani abu daban har lokaci ya ƙure. Kai mai fiɗa ma kana cikin haɗari in da rauni a hannunka.

Na san al'adar gaggauta yanka dabba in ta kwanta don kada ta zama mushe. Asarar tana da ciwo, amma dabbar da ba a san abin da ya kwantar da ita ba, likitan dabbobi ya kamata ya fara ganinta kafin wuƙa. Hanta kuma a gasa ta ta gasu. Abin da ke ƙara jinin ba ya gudu don an sa ta a wuta.

Ɗana ya yi zawo da ciwon ciki ta gefen dama, har aka yi zancen fiɗa, daga baya aka ce ba afendis ba ne. Me zai iya kawo haka? (Uwa daga Zariya)

Hajiya, ban ga yaron ba, don haka ba zan yanke hukunci ba. Amma cikin abubuwan da ke yin wannan kwaikwayo akwai 'yan uwan ƙwayar ɗa'uni guda biyu, Yersinia enterocolitica da Yersinia pseudotuberculosis. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna daga ta biyun ɗa'uni ya ɓalle shekaru dubbai da suka wuce. Su ta baki suke shiga, su kumbura kaluluwar hanji daidai inda afendis yake. Alade ne babban masaukin ta farkon, amma gurɓataccen ruwa da madarar da ba a tafasa ba suna ɗauko ta, ta biyun kuma an kama ta a ɗanyen karas da latas a Finland. Abin mamakinsu shi ne sanyin firij ba ya hana su hayayyafa.

Yawanci ciwon kan lafa da kansa, a dai yawaita ba yaro ruwan gishiri da sukari. Amma in mai sikila ne da ake yawan ƙara wa jini, sinadarin ƙarfen da ya taru a jikinsa abinci ne ga ƙwayar, tana iya shiga jini. Irin wannan yaron, da zarar zazzaɓi ya haɗu da zawo, a kai shi asibiti a ranar, a nemi gwajin bayan gida da na jini.